Wace kyamara ce ta dace da hoton kamun kifi dare da rana? Tambayoyi da amsoshi

Kusan duk wanda ya ga hotunan da nake ɗauka a bakin ruwa tambayarsa ɗaya ce, "wace kyamara ce wannan?" kamar ita kyamarar ce ta tashi da kanta ta je ta ɗauko hoton. Toh na gaji da maimaita amsa ɗai-ɗai, shi ya sa na tattara tambayoyin da suka fi dawowa na amsa su a wuri guda. Wasu amsoshin gajeru ne, wasu kuma na ɗan ja su saboda nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗinsu.

Ni dai a taƙaice, wacce zan saya?

Ka fara zaɓar ta dare. Da rana kusan kowace kyamara jaruma ce, ko wayar da ke aljihunka za ta ba ka hoto mai kyau in akwai hasken rana, amma da zarar duhu ya shiga sai ka ga masu ƙarya sun fara bayyana. Saboda haka in kana fita su da daddare ko da asuba, abu uku zaka duba kafin komai: girman sensa, yadda idon kyamarar yake buɗewa, da kuma ko tana da filash ko wurin ɗaura mata filash. Na huɗu shi ne ruwa, wato in ta faɗa ko aka fantsa mata me zai faru. Sauran abubuwan da ake rubutawa a jikin kwali yawancinsu ado ne.

Wayata tana da megafiksel 108, ba ta isa ba?

Da rana ta isa har ta yi yawa. Da dare kuma labari ya sha bamban. Megafiksel adadin ɗigo-ɗigon da ke cikin hoto ne kawai, ba shi ne yawan hasken da kyamara ke iya kamawa ba. Allon talabijin na 4K ma duka-duka ɗigonsa bai wuce miliyan 8 da ɗan kai ba, kaga kenan kyamara mai megafiksel 12 ta riga ta cika shi har da saura. In aka cusa ɗigo miliyan 108 a kan sensa ƙarama kamar farce, kowane ɗigo ɗan mitsitsi ne, hasken da yake samu kaɗan ne, shi ya sa wayoyin nan da kansu suke haɗa ɗigo tara ko huɗu su mayar da su ɗaya su ba ka hoto mai megafiksel 12 ko makamancin haka.

Sannan akwai tsarin nan na hoton dare da wayoyi ke da shi, wanda zaka riƙe wayar na daƙiƙa uku ko biyar ba motsi. Abin da take yi shi ne ta ɗauki hotuna da yawa a jere ta haɗa su. Wannan dabara tana aiki a kan gini ko bishiya ko kwale-kwalen da aka ɗaure, amma kifi mai rai baya jiran kowa, yana wutsil-wutsil, kai kanka da ka riƙe shi hannunka rawa yake, sai hoton ya fito kamar an shafa shi da tsumma. In kana da fitila mai ƙarfi da za ta haska ku sosai, toh waya za ta yi ƙoƙari, ban hana ba.

Mene ne wannan sensar da kake ta faɗa?

Ita ce farantin da ke bayan idon kyamara, wadda haske ke sauka a kanta ya zama hoto. Ka ɗauke ta kamar kwanon tarar ruwan sama, mai faɗin baki ya fi tara ruwa a lokaci guda. Ga girmansu yadda aka saba gani:

Wadda ake ce wa 1/2.3 inci, faɗinta wajen milimita 6 da 4 da rabi, ita ce a yawancin ƙananan kyamarori masu shiga ruwa. Sai ta inci 1, milimita 13.2 da 8.8, ta ninka waccan kusan sau huɗu. Sai Micro Four Thirds ta Olympus da Panasonic, 17.3 da 13. Sai APS-C, wajen 23.5 da 15.6, wannan ta ninka ƙaramar farko kamar sau 13. Babbarsu a wannan layin ita ce cikakkiyar sensa mai 36 da 24, ta ninka ƙaramar farko kusan sau 30.

Kar sunan "inci 1" ya ruɗe ka, ba ta kai inci ba ko kusa, tsohon lissafi ne da aka gada tun zamanin kyamarorin talabijin masu bututu. A ganina mai kamun kifi da yake son hoton dare mai kyau ya fara daga inci 1 zuwa sama. APS-C ita ce tsaka-tsakin da na fi so, ba nauyi sosai kuma duhu baya ba ta tsoro. Cikakkiyar sensa tana da daɗi amma nauyinta da na gilasan idon da ake ɗaura mata a cikin kwale-kwale wahala ne, ga fargabar kar ta faɗa ruwa da za ta hana ka sakewa.

Lambobin nan f/1.8 da f/4 me suke nufi, kuma wanne ya fi?

Faɗin buɗewar idon kyamara ne, kuma abin a juye yake, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Daga f/2 zuwa f/2.8 haske ya ragu da rabi, zuwa f/4 ya sake raguwa da rabi, wato f/2 tana shigar da haske ninki huɗu na f/4. Da dare wannan ba ƙaramin abu bane.

Amma fa ka lura da wata yaudara. Yawancin ƙananan kyamarori zaka ga an rubuta lamba biyu, misali f/2.0-4.9. Ta farkon tana aiki ne kawai in baka jawo hoto ba, da zarar ka yi zum ƙofar ta tsuke. Shi ya sa da dare nake cewa kar ka yi zum, ka taka da ƙafarka ka matsa. Ko a jerin Sony RX100 abin haka yake, samfurin III zuwa V idonsu f/1.8-2.8 ne amma baya jawo nesa sosai, su kuma VI da VII suna jawo nesa har 200mm amma idonsu ya koma f/2.8-4.5, kaga ga mai hoton dare tsohuwar ta fi sabuwar amfani. Canon G7 X ita ma f/1.8-2.8 ce mai sensar inci 1. Dukkansu dai ba masu shiga ruwa bane, wannan kar a manta.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba, in ka buɗe ido gaba ɗaya a babbar kyamara, wurin da ke fita tar a hoton ya zama siriri. Kifin yana gabanka da kamar kamu biyu, sai kifin ya fita fuskarka ta yi dishi-dishi, ko fuskarka ta fita kifin ya ɓace, wanda shi ne ma ya fi ciwo. Don haka in akwai filash nakan tsuke zuwa f/5.6. Toh me ye amfanin sayen mai f/1.8 kenan? Amfaninsa kyamarar ta fi gani a duhu lokacin da take neman saiti, wato daidaita idonta kan abin da za ta ɗauka don ya fito tar, sannan a ɗauki hoton magariba da fitowar alfijir ba tare da filash ba.

In sayi mai shiga ruwa kawai mana in huta?

In kana shiga kwale-kwale, ko kana tsayawa cikin ruwa har gwiwa, ko kuma kai mutum ne mai yawan yar da abu, eh ka saya. Misali Olympus Tough TG-6 da ta fito a 2019, da magajiyarta OM System TG-7 ta 2023, an yi su su jure zurfin mita 15 da faɗuwa daga mita 2.1, idonsu f/2.0 ne a faɗi, suna da filash, suna kuma ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara bata sarrafa ba. Ricoh ma na da irin nasu a jerin WG. Zaka iya riƙe su da hannu mai yauƙin kifi da taɓo, ka gama ka wanke, wannan kwanciyar hankalin ba a saya da kuɗi.

Inda suke gazawa shi ne sensa, ƙaramar nan ce ta 1/2.3. Da rana hotonsu tsaf. Da dare in ba filash ko fitila, ka wuce ISO 800, wato lambar da ake ɗagawa don hoto ya ƙara haske a duhu, zaka fara ganin hoton ya yi tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi. Amma in kifi da mai kifi ne kawai kake son ɗauka daga nisan mita biyu da filash, sun wadatar. Taurari da hasken wata a kan ruwa ne ba nasu bane.

Ai an ce kyamarata tana jure ruwan sama, ba ɗaya bane?

Ba ɗaya bane sam. Mai jure yayyafi an sa mata roba ne a gaɓoɓinta don fantsuwar ruwa da ƙura, in ta nutse ta tafi. Kuma sai in shi ma gilashin da ka ɗaura mata yana da irin wannan kariyar, in ba haka ba ta nan ruwan zai bi.

A waya zaka ga IP67 ko IP68. Lambar farko ta ƙura ce, 6 na nufin ƙura bata shiga. Ta biyu ta ruwa ce, 7 na nufin zurfin mita 1 na minti 30, 8 kuma ya fi haka gwargwadon abin da kamfanin ya faɗa. Gwajin da ruwan daɗi ake yinsa, a kan sabuwar waya, ba wadda ta sha faɗuwa aka canza mata gilashi sau biyu ba. Ruwan gishiri kuwa wani bala'i ne daban, yana cin ƙarfe yana bushewa ya bar gishiri a ramin caji.

GoPro fa?

Ta bidiyo ce. Ka ɗaura ta a kai ko a ƙirji ta ɗauki lokacin da kifi ya ja ƙugiya, sandar ta lanƙwashe, ana ta kokawa, a nan babu kamarta, kuma na yanzu suna shiga ruwa har mita 10 ba tare da wani gida ba. Amma a matsayin kyamarar hoton dare a'a. Bata da filash, sensarta ƙarama ce, idonta kuma faɗi ne da shi sosai har yana lanƙwasa gefen hoto, sai ka ga wutsiyar kifi ta karkace.

Hotunana na dare duk kifin fari fat yake fitowa, bayana kuma baƙi ƙirin. Laifin kyamara ne?

Laifin haske ne, kuma nan ne asalin maganar take, don wanda ya iya haske da tsohuwar kyamara zai kayar da mai sabuwa fil wanda bai iya ba.

Jikin kifi jiƙe yake kuma ɓawonsa kamar madubi ne, musamman masu farin jiki mai ƙyalli irin su karfasa da giwan ruwa. Filash ɗin da ke manne a kan kyamara yana harba haske kai tsaye, ya daki kifin ya dawo cikin idon kyamarar, shikenan wurin ya ƙone ya zama fari babu zane babu launi. Tarwaɗa kuma nata matsalar daban, baƙa ce mai santsi, sai ta fito duhu da ɗigon ƙyalli ɗaya a gadon baya.

Maganin farko mai sauƙi, ka ɗan karkatar da kifin, kar ya fuskanci kyamara sak, ka ɗan sunkuyar da saman bayansa gaba kaɗan yadda hasken zai dake shi ya wuce ƙasa maimakon ya dawo. Na biyu ka rage ƙarfin filash, yawancin kyamarori suna da wurin rage shi, ka sa shi a -1 ka gwada. Na uku ka tausasa hasken, ko da farin ƙyalle mara kauri ne ko farar takarda a gaban filash ɗin. Na huɗu wanda ya fi duka, ka raba hasken da kyamara, fitilar LED mai faɗi a gefe, sama kaɗan da kai, kamar taku biyu daga kyamarar, nan take zaka ga ɓawon kifin ya fito ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa in zaka sayi babbar kyamara ka tabbata tana da wurin ɗaura filash a samanta.

Maganar baya ya yi baƙi kuwa, ka'ida ce ta haske, in nisa ya ninka biyu ƙarfin haske yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da ke mita 2 ya samu haske, na mita 4 ya samu rubu'i, na mita 8 kusan babu. Ƙaramin filash baya wuce mita uku zuwa huɗu, don haka kar ka sa ran zai haska maka kogi. In kana son bayanka ya nuna wani abu, kar ka juya wa ruwan baya, ka nemi ciyayi ko kwale-kwale ko tantinka ya zama kusa da bayanka da kamar mita ɗaya ko biyu.

Sai ƙwari. Ka kunna farar fitila a bakin ruwa minti biyar ka ga taro, kuma duk wanda ya gifta gaban filash sai ya fito kamar farin tabo a hoto. Haka hazo da tururin da ke tashi kan ruwa da asuba. Ni sai na gama shirya komai da jar fitilar goshi, wadda bata cika tara su ba kuma bata kashe wa mutum ido a duhu, sai lokacin ɗauka in kunna farar. Kuma dan Allah a kashe fitilar goshi ko a ɗaga ta sama kafin a danna, hoto nawa ya lalace saboda mai kifi ya haske idon kyamara da goshinsa.

Wane saiti zan sa? Ba na son dogon turanci.

Da rana: ISO 100 ko 200, buɗewar ido f/5.6 zuwa f/8, saurin ƙiftawar kyamara kar ya gaza 1/250 na daƙiƙa, in kifin na fizge-fizge ne ko kana son kama shi yana tsalle ka kai 1/1000. Ka rage haske da -0.7 in kifin fari ne.

Da dare da filash: 1/125, f/5.6, ISO 400 zuwa 800. Kar ka wuce 1/200 don yawancin manyan kyamarori daga nan ko 1/250 suke daina daidaituwa da filash, sai ka ga rabin hoto baƙi. Da dare da fitilar LED kawai: buɗe ido zuwa f/2.8, kar ka sauka ƙasa da 1/100, ka bar ISO ya hau, APS-C tana ɗaukar 3200 lafiya lau. Hoto mai tsaki-tsaki ana iya gyara shi, wanda ya yi motsi ya shafe kuwa babu mai ceto shi.

Kuma kar wani ya ruɗe ka da cewa kyamararsa tana da abin hana rawar hannu. Wannan rawar hannun mai ɗauka yake gyarawa, baya tsayar da kifi.

Da dare kyamarata sai ta yi ta gaba da baya ta ƙi ɗauka. Me ke faruwa?

Saiti take nema bata gani. Tana buƙatar haske da wani zane ko gefe da za ta kama. Ka haska wurin da tocila, ka danna maɓallin rabi har ta kama, sannan ka ƙarasa. Ka sa mata ta kama kan kifin ko idonsa, in ka bar ta a kan neman fuska, fuskarka za ta bi ta bar kifin. In a shago kake gwada kyamara kafin ka saya, ka nufa ta ƙarƙashin tebur ko wani lungu mai duhu ka ga daƙiƙa nawa take ɗauka kafin ta kama, wannan gwajin ya fi duk abin da mai shagon zai gaya maka.

Ni kaɗai nake fita, wa zai ɗauke ni?

Toh kai ne ma ya kamata ka fi kowa tsayawa wurin zaɓe. Ka nemi mai allon da ke juyowa gaba don ka ga kanka, in ba haka ba zaka koma gida da hotuna goma babu kai ko babu wutsiya. Ka nemi wadda ke ɗaukar hoto da kanta bayan kowane daƙiƙa uku ko biyar har sai ka tsayar da ita, wannan ya fi rimot, don hannuwanka biyu duk suna kan kifi, da me zaka danna? Masu haɗuwa da waya ta Wi-Fi suna da amfani wurin duba tsayuwa, amma taɓa allon waya da jiƙaƙƙen yatsa sai wanda ya gwada.

Tsarin nan da kyamara ke ƙirga daƙiƙa 10 sannan ta ɗauka da kanta yana da tarko. Kyamarori da yawa suna yin saiti ne lokacin da ka danna, lokacin kuwa kana bayanta, sai ta kama bishiyar da ke can nesa, ka zo ka durƙusa ka fito dishi-dishi. Dabarar ita ce ka kafa sanda ko ka ajiye bokiti daidai inda zaka riƙe kifin, ka yi saiti a kansa, ka kulle saitin, ka yi alama a ƙasa. Duk wannan tun kafin ka jefa ƙugiya, tun da sauran haske ma in da hali. Ni nakan ɗauki hoton gwaji ina riƙe da jakata kamar ita ce kifin, wanda ya hango ni zai ce na zautu amma ba komai.

Sai abin ɗora kyamara mai ƙafa uku. Ramin da ke ƙasan kusan kowace kyamara iri ɗaya ne, rubu'in inci, don haka kowanne zai shiga. Ka saukar da shi daidai ƙirjinka in ka durƙusa. A kan taɓo ka danna ƙafafun su shiga sosai. Na taɓa barin tawa a kan gangare na juya zan ɗauko kifi, ƙarar da na ji a bayana har yau ban manta ba, gilashi ya tafi, kifin ma ya kuɓuce, biyu babu.

Rana tsaka hotona baya kyau, fuska duhu ruwa kuma sai ƙyalli.

Rana a tsakiyar kai ita ce mafi munin haske, hula ta rufe ido da inuwa, kifi kuma yana walƙiya. Ka kunna filash duk da rana ce, zai cike inuwar fuskar. Ko ka koma inuwa gaba ɗaya, amma ba ƙarƙashin bishiya mai ratsin haske ba. Rana ta kasance a bayan mai ɗauka ta ɗan gefe.

Ƙyallin ruwa kuma akwai wani gilashi da ake ɗaurawa a gaban ido, ana ce masa CPL, kana juya shi kana ganin ƙyallin na ɓacewa har ka hango kifi a cikin ruwa, sama ma ta ƙara shuɗi. Yana cin haske fiye da rabi, don haka da yamma ta yi a cire shi. In kana son amfani da shi ka duba ko kyamarar tana da zaren ɗaura shi, ƙanana da yawa basu da shi sai da wani zobe na daban.

Zum mai nisa yana da amfani?

Ga hoton kifi a hannu babu. Tsakanin 35mm da 50mm shi ne daidai, kifin zai fito da girmansa na gaskiya. In ka sa a 24mm ka miƙo kifin gaba har hannu ya miƙe, zai fito kamar ɗan maraƙi, amma yatsunka ma za su fito kamar taɓare, kuma duk masunci ya san wannan wayon. Zum mai nisa na tsuntsaye ne da abokinka da ke ɗaya gaɓar. Wanda ake ce wa zum na dijital kuwa yanka hoton kawai yake ya buɗa shi, kashe shi.

Gilashina yana yin gumi da dare, ya zan yi?

Raɓa ce. Gilashin da aka bari a waje yana kallon sama yakan fi iska sanyi, sai danshi ya kwanta a kansa, bakin ruwa kuwa danshi ba a magana. Kar ka bar kyamara a kan ƙafafunta tsirara duk dare, ka rufe ta da leda ko tawul, ko ka bar ƙafafun a kafe ka cire ta ka sa a jaka. Ka riƙe ƙyallen goge gilashi a aljihun da yake bushe, ba rigar da ka goge hannun kifi da ita ba. Haka in ka fito da ita daga mota mai sanyin AC zuwa iska mai ɗumi, nan take za ta yi gumi har ciki, ka bar ta a jakarta a rufe kamar minti 20 ta saba. Ƙananan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi ko na'ura, ka tara su ka zuba a jakar, suna hana fumfuna tsirowa a cikin gilashi.

Batir da memori fa?

Batir biyu aƙalla. Sanyin dare yana rage masa ƙarfi, filash da Wi-Fi kuma suna shanye shi, na ajiyar ka sa shi a aljihun ciki kusa da jiki. In kyamarar tana caji ta USB ya fi, sai ka haɗa ta da fawa bank. Memori in zaka yi bidiyon 4K ka nemi mai alamar V30 ko U3, ma'ana baya gaza megabait 30 a daƙiƙa wurin rubutu. Hoto zalla kowanne mai kyau ya isa.

Dole sai na ɗauka a RAW?

Ba dole. Amma hoton dare ya fi gyaruwa a RAW, musamman in haske biyu ya haɗu, fitila mai ja-ja da filash mai fari, launin kifin ya rikice. In baka da niyyar zama gaban kwamfuta ka bar ta a JPEG ka huta, ko ka sa ta ɗauki duka biyun.

In sayi ta hannu?

Sosai ma, kyamarar da za ta yi rayuwa a bakin ruwa gara wadda in ta faɗa ba zaka kwanta ciwo ba. Ka haska cikin gilashin da tocila ka duba ko akwai zare-zare kamar yanar gizo, fumfuna ce, ka bar ta. Ka buɗe gidan batir ka duba tsatsa ko kore-kore. Ka gwada filash. In mai shiga ruwa ce ka duba robar ƙofofinta, in ta tsage ko ta bushe toh sunan shiga ruwa kawai ya rage mata.

Ta faɗa ruwa, me zan fara yi?

In ba mai shiga ruwa bace, kar ka kunna ta don ka ga ko tana aiki, wannan kunnawar ce ke ƙarasa ta. Cire batir da memori nan take, goge ta, bar ƙofofin a buɗe, ka kai wa mai gyara da wuri. Memorin yawanci yana tsira. In mai shiga ruwa ce kuma ruwan gishiri ta shiga, ka tabbata ƙofofi a kulle suke ka jiƙa ta a ruwan daɗi kamar minti 10, ta bushe sarai kafin ka buɗe. Gashi ɗaya ko ƙwayar yashi a kan robar ƙofa ya isa ya shigar da ruwa. Kuma mai shiga ruwa ba mai iyo bace, nutsewa take kamar dutse, ka ɗaura mata igiyar hannu mai sa ta taso sama, ka gwada a bokiti ka ga ko igiyar na iya ɗaukar nauyinta.

Kifin da zan mayar ruwa, har yaushe zan riƙe shi ina hoto?

Gwargwadon yadda kai zaka iya riƙe numfashinka, in ka fara jin kana neman iska toh shi ma haka. Ka bar shi cikin koma a ruwa har sai kyamara ta shirya, ka jiƙa hannunka kafin ka taɓa shi don busasshen hannu yana kwashe yauƙin da ke kare fatarsa, ka durƙusa kar ka tsaya tsaye saboda in ya suɓuce kar ya faɗo daga sama, hannu ɗaya ƙarƙashin kai ɗaya wajen wutsiya, kar yatsa ya shiga cikin kunnuwansa. Hoto uku huɗu ka mayar da shi. Kifin da ya fito daga ruwa yanzu-yanzu ma ya fi kyau a hoto, launinsa na nan bai dushe ba.

An ce hoto yana iya tona inda nake kamun kifi, da gaske ne?

Da gaske ne. Waya da kyamarori masu GPS suna rubuta daidai inda aka ɗauki hoton a cikin fayil ɗin, wanda ka tura wa hoton kai tsaye yana iya buɗewa ya gani a taswira. Manyan shafukan sada zumunta sukan goge wannan bayanin in ka ɗora, amma in ka aika shi a matsayin fayil ko ta imel yana nan daram. In kana da wani lungu da ka sha wahala kafin ka gano, ka shiga saiti ka kashe wurin nuna waje na kyamara. Sannan ka duba bayanka kafin ka danna, gada ko wata bishiya da kowa ya sani ta fi GPS saurin tona asiri, sati mai zuwa zaka zo ka tarar da mutum biyar zaune a wurinka.